Yadda Ake Gane Kuskuren Bugu a Jikin Tsofaffin Sulalla

Duk wanda ya fara tara tsofaffin sulalla ba ya daɗewa sai ya ci karo da wata kwandala da ta fita daban da 'yan'uwanta, ko dai rubutunta ya fito bibbiyu, ko gefenta ya gutsure, ko hoton ya goce daga tsakiya. Nan take sai ya ɗauka ya tsinci dami a kala, domin an sha jin labarin kwandalar da aka yi kuskure wajen buga ta, aka kuma sayar da ita da tsada. Amma mafi yawan irin waɗannan alamomi wahala ce kawai kwandalar ta sha a hannun mutane, ko a cikin ƙasa, ko a maƙera. Saboda haka tambaya ɗaya mai dubawa zai riƙa yi wa kansa a kowane mataki: shin injin buga kuɗi zai iya haifar da abin da nake gani, ko kuwa bayan kwandalar ta bar gidan bugu aka yi mata shi?

Kayan aiki

Abu na farko shi ne gilashin ƙara girma mai ninka abu sau 5 zuwa sau 10. Wanda ya wuce haka ba ya taimakon ɗan koyo, domin yana mayar da kowane ɗan ƙarzane abin mamaki, mutum ya ɓata yini yana kallon abin da ba shi da daraja. Idan ba ka da shi, irin wanda masu gyaran agogo da masu gyaran waya ke amfani da shi ya wadatar, haka ma kyamarar waya idan aka jingina ta da wani abu don kada hannu ya yi rawa.

Na biyu shi ne ƙaramin sikeli na lantarki mai nuna giram da lambobi biyu bayan ɗigo, wato har zuwa 0.01. Sikelin awon garin fulawa ba zai yi ba. Wanda bai mallaki nasa ba sai ya je shagon masu sayar da zinariya ya roƙi a auna masa, domin sikelinsu irin wannan ne. Sai ma'aunin faɗi da kauri mai muƙamuƙi biyu irin na makanikai, zai fi kyau na roba don kada ya ƙarje kwandala. In babu, rula mai milimita tana rage hanya. Ana kuma bukatar maganaɗisu, ko da wanda aka ciro daga tsohuwar sifika ne, a naɗe shi da ƙyalle. A tanadi fitila guda ɗaya da za a iya matsar da ita, da ƙyalle mai laushi na shimfiɗawa a kan tebur, da littafin rubutu, da ƙananan ambulan na takarda.

Abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci, kuma shi aka fi mantawa, shi ne lafiyayyar kwandala irin wadda ake dubawa, ta ƙasa ɗaya, daraja ɗaya, in da hali shekara ɗaya. Ba a gane karkatacce sai an san miƙaƙƙe. Idan ba a samu ba, a nemi hotunanta masu kyau da bayanin nauyinta da faɗinta a shafukan masu tara sulalla irin su Numista.

Ɗan abin da ya kamata a sani game da bugu

A gidan bugu ana farawa da dogon fallen ƙarfe, inji ya riƙa huda shi yana fitar da faya-fayai marasa rubutu. Daga nan sai a bi da su ta wani inji da ke matse gefensu ya ɗaga musu leɓe. Sannan a sa kowane faifai tsakanin hatimai biyu na ƙarfe mai tauri, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ga wani zobe da ke kewaye shi don kada ya baje, a danna da ƙarfin gaske. Wannan zoben shi ke yi wa gefen kwandala tsage-tsagen da ake gani. Zanen da ke jikin hatimi a lotse yake kuma a juye, shi ya sa yake fitowa a tashe a jikin kwandala. Kuskure na gaskiya daga wuri uku kaɗai yake zuwa: daga faifai, ko daga hatimi, ko daga bugun kansa. Ka kuma riƙe wannan ƙa'ida, domin za ta yi maka amfani sau da yawa: duk abin da ya lotsa a jikin hatimi zai taso a jikin kwandala.

1. Riƙe ta yadda ya kamata, kada kuma ka wanke ta

Ka ɗauki kwandala ta gefenta da babban yatsa da manuniya, a saman ƙyallen da ka shimfiɗa, don in ta kuɓuce kada ta bugi siminti. Kada ka goge ta da toka, ko lemun tsami, ko man goge ƙarfe, ko garin wanki. Gogewa tana cire fatar ƙarfen ta asali, ta bar ƙananan layuka da ba sa ɓoyuwa ga masani, tana kuma shafe alamomin da za a dogara da su wajen tabbatar da kuskuren. Kwandala mai datti ta fi wadda aka goge daraja. Idan laka ta rufe rubutu, a jiƙa ta a ruwa mai tsabta, a ɗauraye, a dangwala ƙyalle a kanta har ta bushe ba tare da cuɗawa ba.

2. Gane ko wace ce, da yadda ya kamata ta kasance

Rubuta ƙasa, da daraja, da shekara, da ƙaramin harafin gidan bugu idan akwai. A tsofaffin kuɗin Afirka ta Yamma na zamanin Turawa, irin su kwabo, da ɗari (rabin kwabo), da anini (ɗaya bisa goma na kwabo), za ka iya ganin H ko KN. H na nufin kamfanin Heaton, KN kuma King's Norton, dukansu a yankin Bamingham ta Ingila. Waɗannan haruffa da gangan aka sa su, haka ma rashinsu a wasu sulallan.

A wannan mataki ne ake zubar da mafi yawan tsammanin banza. Kwabon 1936 mai sunan Sarkin Ingila Edward na Takwas halastaccen kuɗi ne da aka buga aka kuma kashe a nan, duk da cewa sarkin ya sauka daga gadon mulki a watan Disamba na wannan shekarar. Dalar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya, wadda har yanzu ake samu a cikin kayan kakanni, tana ɗauke da 1780 ne saboda an ci gaba da buga ta da wannan shekarar tun bayan rasuwar sarauniyar, don haka shekarar ba ta nuna tsufa balle kuskure. Misali mafi yaudara shi ne kwandalar kwabo 2 ta Birtaniya mai rubutun NEW PENCE. Duk waɗanda aka buga daga 1971 zuwa 1981 haka aka rubuta musu, kuma suna nan birjik. A 1982 aka sauya rubutun zuwa TWO PENCE, saboda haka wadda ke ɗauke da 1983 tare da tsohon rubutun ita kaɗai ce kuskure. Wanda bai duba shekara ba zai tara buhu guda na abin da bai wuce kwabo biyu-biyu ba.

3. Auna nauyi da faɗi, ka gwada maganaɗisu

Ido yana ruɗuwa, sikeli kuwa ba ya son kai. Ka tabbatar sikelin yana kan sifili, a wurin da fanka ba ta kaɗawa, ka auna lafiyayyar kwandala tukuna, sannan wadda kake zargi. Kwandalar da ta sha hannu takan rage nauyi kaɗan, wannan ba abin lura ba ne. Babban bambanci shi ake nema.

Misalin da ya fi koyar da wannan darasi shi ne senti ɗaya na Amurka na 1943. A wannan shekara, saboda ana bukatar jan ƙarfe don yaƙin duniya na biyu, an buga sentin da baƙin ƙarfe mai rufin tutiya, nauyinsa giram 2.7, kuma maganaɗisu na kama shi. Wasu 'yan tsirarun faya-fayan tagulla na shekarar baya sun maƙale a cikin kayan aiki aka buga su da hatimin 1943, su ne ake nema ruwa a jallo. Na gaskiya nauyinsa giram 3.11 ne, maganaɗisu kuma ba ya kama shi. 'Yan damfara kan shafa wa na baƙin ƙarfe ruwan jan ƙarfe, amma da zarar an kawo maganaɗisu sai asiri ya tonu. Wasu kuma sukan ɗauki na 1948 su kankare rabin lambar 8 ta koma kamar 3. Wannan zai tsallake sikeli da maganaɗisu, sai an kwatanta siffar lambar da ta sentin 1943 na baƙin ƙarfe, inda wutsiyar 3 take da tsawo tana gangarowa ƙasa.

A kula, ƙasashe kan sauya ƙarfe da gangan. Amurka ta mayar da sentinta tutiya mai rufin jan ƙarfe a 1982, nauyi ya sauko zuwa giram 2.5. Birtaniya ta mayar da kwabo 1 da kwabo 2 baƙin ƙarfe mai rufi a 1992, shi ya sa maganaɗisu ke kama sababbin ya bar tsofaffin. Kafin ka ce an buga kwandala a kan faifan da ba nata ba, ka binciki irin wannan sauyi. Idan kuwa da gaske faifan wata ne, nauyin zai yi daidai da na wata kwandala da wannan gidan bugu ke bugawa, yawanci ƙarama, kuma za ka ga rubutun da ke kusa da gefe ya yanke saboda faifan bai cika hatimi ba.

Kwandalar da ta yi siriri, ta rage faɗi, zanenta ya yi laushi a duka fuskoki biyu, fatarta kuma ta yi ƙuraje-ƙuraje, ruwan batir ko wani sinadari ne ya cinye ta. Faifan da ya fito siriri daga gidan bugu yakan riƙe faɗinsa, sai dai zanen ya ƙi fitowa sosai saboda ƙarfen bai isa ya cika hatimi ba.

4. Bi gefe da leɓe har ka zagayo

Ka mirgina kwandalar tsakanin yatsunka kana kallon gefenta. Abu uku ake nema a nan.

Na farko shi ne gutsurarren faifai, wanda ke faruwa idan injin huda ya sake saukowa a kan wurin da ya riga ya huda, sai faifan ya fito da wani yanki a gutsure kamar jinjirin wata. Da yake ana iya kwaikwayon wannan da almakashin ƙarfe ko zarto, ga yadda ake bambancewa. Ka dubi leɓen da ke daura da gutsuren, wato ɗaya ɓangaren kai tsaye. A na gaskiya sau da yawa leɓen wurin yakan yi rauni ko ya baje, domin lokacin da injin ɗaga leɓe ya zo matsawa bai sami abin tokarawa ba. Sannan leɓen da ke dab da gutsuren yana dusashewa a hankali yana shigewa, haruffan wurin kuma sukan ja su nufi ramin, saboda ƙarfe ya kwarara can lokacin bugu. Wanda aka yanke daga baya leɓensa a tsaye yake ƙyam har bakin yankan, ƙarfen wurin yana ƙyalli, wani lokaci da sawun zarto.

Na biyu shi ne bugun da ya goce daga tsakiya. Za ka ga wani yanki fili fetal babu zane, zanen kuma ya faɗa waje ta ɗaya gefen, a duka fuskoki biyu. Irin wannan kwandala ba ta cika zama da'ira sosai ba, kuma ba ta da tsage-tsagen gefe, tun da a wajen zobe aka buga ta. Masu saye sun fi son wadda shekararta ta tsira. Idan fuska ɗaya ce kawai ta ɗan goce, ɗayar tana daidai, hatimi ɗaya ne bai zauna daidai ba, kuma wannan abu ne da ake yawan gani, ba ya ƙara daraja sai ya yi yawa.

Na uku shi ne bugu ba zobe, inda zanen duka ya fito amma kwandalar ta baje ta fi 'yar'uwarta faɗi, gefenta sumul. Nauyinta daidai yake da na lafiyayya. Wadda aka daka da guduma ko mota ta taka ita ma tana bajewa, amma zanenta ya mutu, na gaskiyar kuwa zanenta a raye yake.

Ga masu kwabo da anini masu huji, akan sami wanda hujinsa ya goce ko wanda ba a huda ba sam. Hujin gidan bugu da'ira ce mai tsabta, girmansa daidai da na sauran. Hujin ƙusa kuwa yana turo ƙarfe ta baya, ya lanƙwasa wurin. Wanda ba a huda ba dole ya fi lafiyayye nauyi, sannan a duba tsakiyarsa da gilashi, domin maƙeri zai iya toshe huji da darma ya goge, sai dai launin wurin ba zai zama ɗaya da sauran jiki ba. Haka sulalla masu ƙarfe kala biyu, irin naira 1 da naira 2 na 2007 ko sefa 200 da 500, ana iya fitar da cikinsu a juya a mayar, don haka cikin da ya juya ba hujja ba ne.

5. Juya ta ka ga zaman fuskokin

Ka riƙe kwandala hotonta a tsaye, ka juya ta. Sulallan Amurka sai an kifa su daga sama zuwa ƙasa bayansu ke fitowa a tsaye; na Birtaniya na yanzu da na yuro kuwa daga dama zuwa hagu ake juya su. Da yawa sukan ga bayan kwandalar Amurka a kife su ce sun sami kuskure, alhali haka take. Ka yi wa lafiyayyar irin juyin da ka yi wa wadda kake zargi. Idan bayan ya karkata sosai, misali kwata ko rabin zagaye, hatimi ne ya juya a mazauninsa. Ɗan karkacen da sai an ƙura ido ake gani ba a lissafa shi. Hanya mai sauƙi ta nuna wannan a hoto ita ce a tsayar da kwandalar gaban madubi, fuskokin biyu su fito tare.

6. Tabbatar gaba da baya na gida ɗaya ne

Wani lokaci ma'aikata kan haɗa hatimai biyu da ba a yi su don juna ba, masu tara sulalla kuma suna kiran abin da ya fito alfadari. Babu wata naƙasa a jikinsa, shi ya sa sai wanda ya san tarihin kuɗin ke gane shi. A 2008 Birtaniya ta sauya zanen sulallanta, ta ɗauke shekara daga baya ta mayar gaba. Sai aka haɗa tsohon hatimin gaba da sabon hatimin baya a kwandalar kwabo 20, ta fito babu shekara ko ta ina, kuma gidan bugun ya ƙiyasta cewa waɗanda suka fita ba su kai 250,000 ba. A Amurka ma a 2000 an sami gaban senti 25 mai hoton George Washington haɗe da bayan dala ɗaya.

Wannan ya shafi kuɗinmu na da kai tsaye, domin a kwabon Afirka ta Yamma sunan sarki yana fuska ɗaya, shekara kuma tana fuskar da ke da tauraro mai tsini shida. Akwai kwabo mai sunan Edward na Takwas da shekarar 1945, da kuma mai sunan George na Shida da shekarar 1956, alhali shi George ya rasu tun watan Fabrairu na 1952. Saboda haka duk kwabon da ya shigo hannunka ka karanta sunan mai sarauta, ka juya ka karanta shekara, ka tambayi kanka ko sun yi zamani ɗaya. Aikin daƙiƙa kaɗan ne, kuma a ganina ya fi duk sauran binciken yiwuwar biyan mai tara sulalla a ƙasar Hausa, tun da waɗannan kwabbai suna nan a gwangwanaye da akwatunan tsofaffi.

Kwandala mai kai biyu, gaba da baya hoto ɗaya, kusan kullum haɗin hannu ce: an rarake ɗaya an dasa rabin wata a ciki. Ka nemi siririn layin mahaɗa a cikin leɓe ko a gefe, ka kuma auna ta.

7. Rubutu bibbiyu

Nan ne aka fi yin asara, don haka a natsu. Shi kansa hatimi ana yin sa ne ta hanyar danna masa wata uwar hatimi mai ɗauke da zanen a tashe, kuma a da sai an danna fiye da sau ɗaya kafin zanen ya zauna. Idan aka sami gocewa tsakanin dannawa ta farko da ta biyu, hatimin zai fito da zane ninki biyu, duk kwandalar da ya buga kuma za ta gaji wannan ninki iri ɗaya sak. Wannan shi ne mai daraja. Akwai kuma wanda hatimin lafiyarsa ƙalau, amma ya yi sako-sako, sai ya zame bayan bugu ya kankare gefen haruffa. Wannan ba ya ƙara komai. Kamar hatimin ofis ne: dabam wanda mai sassaƙa ya yi masa rubutu biyu, dabam wanda hannun magatakarda ya yi rawa wajen buga shi.

Ka kashe sauran fitilu, ka kawo fitila ɗaya ta gefe ƙasa-ƙasa yadda haruffa za su yi inuwa, ka sa gilashin dab da idonka, sannan ka matso da kwandalar har ta fito sarai. Zaɓi harafi guda mai ƙafafu, kamar R ko T, ko lambar 1. A ninki na gaskiya za ka ga siffa biyu, kowacce da ƙundunta a zagaye, tsayinsu kusan ɗaya, da ɗan kwari a tsakaninsu, ƙarshen ƙafar harafin kuma ya rabu biyu. Harafin gaba ɗaya ya fi na lafiyayyar kwandala kauri. A na zamewar inji kuwa siffa ta biyu a shafe take, ƙasa-ƙasa, tana ƙyalli, kuma idan ka kwatanta za ka ga ainihin harafin ya rame, domin daga jikinsa aka kankaro ta. Ka juya kwandalar a hankali a ƙarƙashin fitilar. Ninkin da ya ɓace da ka sauya kusurwa wasan haske ne kawai.

Sentin Amurka na 1955 da aka buga a Filadelfiya shi ne shahararren misali. A na gaskiya shekarar da kalmar LIBERTY da rubutun IN GOD WE TRUST duk sun fito biyu ƙarara, ba sai da gilashi ba. Amma akwai wasu masu yawa na wannan shekarar da lambar 5 ta ƙarshe kawai ke da wata inuwa mai dishi-dishi a gefenta, wadda tsufan hatimi ya haifar, kuma ana yawan tallata su ga wanda bai sani ba. Alamar tsohon hatimi ita ce inuwar tana fuskantar leɓe, babu kaifi, filin kwandalar ma ya yi gautsi-gautsi.

Da yake hatimi ɗaya yana buga dubbai, ninki na gaskiya yakan kasance an riga an san shi an kuma ɗauki hotonsa. Ka nemi hoton, ka kwatanta harafi da harafi. In bai yi daidai da shi ba ta kowane wuri, to ba shi ba ne.

8. A tashe yake ko a lotse?

Idan ka ga layi a jikin kwandala, ka duba ta ina inuwarsa take faɗuwa. Layin da ya taso, ya bi ta kan haruffa yana karkace-karkace, tsagewar hatimi ce. Layin da ya lotsa, da ɗan ƙarfen da aka ture a gefensa, ƙarzane ne. Ƙananan tsage suna da yawa a tsofaffin sulalla kuma ba su da wani farashi, amma idan wani yanki na bakin hatimi ya ɓalle gaba ɗaya, za a ga dunƙulen ƙarfe marar zane manne da leɓe, daidai bayansa kuma zanen ɗaya fuskar ya yi rauni saboda ƙarfen ya tafi cike gurbi. Idan bayan bai yi rauni ba, ka yi zargin ɗigon darma, musamman da yake maƙeran fari sun daɗe suna mayar da sulalla zobba da kayan ado.

Harafi ko lambar da ta ɓace alhali makwabtanta suna da kaifi, wurin kuma sumul, yawanci maiko ne ya cike gurbinta a hatimi. In an kankare ta ne za ka ga ƙananan layuka da ɗan rami. Akan kuma goge hatimi fiye da kima har wani sashe na zane ya tafi, kamar senti 5 na Amurka na 1937 mai hoton ɓauna da harafin D na gidan bugun Denba, inda ɓaunan ya fito da ƙafa uku, kofaton ta huɗun kuwa yana nan a ƙasa. Wani lokaci hatimai biyu kan bugi juna babu faifai a tsakani, sai a riƙa ganin ɓurɓushin zanen baya a filin gaba.

Idan kwandala ta maƙale a hatimi ta bugi faifan da ya biyo baya, sabuwar za ta fito da hoto iri ɗaya a fuskoki biyu, ɗaya daidai, ɗaya a lotse kuma a juye. Ana kwaikwayon wannan ta hanyar haɗa sulalla biyu a daka, amma a na jabu tsohon zanen yana nan a ƙarƙashi, ɗaya fuskar kuma ta baje.

9. Rubuta, ɗauki hoto, sannan ka nemi ido na biyu

Ka rubuta nauyi, da faɗi, da sakamakon maganaɗisu, da wurin da alamar take, kana kwatanta wurin da fuskar agogo, misali gutsure a ƙarfe 3. Ka ɗauki hoton gaba, da baya, da gefe, da na kusa, a hasken rana na inuwa ba tare da filasha ba, ka sa lafiyayyar kwandala a gefe. Da waɗannan za ka tambayi waɗanda suka daɗe a harkar. Ka guji mai ba ka ra'ayi wanda kuma shi ne ke son saye, haka nan duk wanda ya ce yana da mai saye a ƙasar waje amma sai ka fara biyan kuɗin rajista ko na gwaji.

Wajen farashi, abin da aka nema a eBay ko Facebook ba shi ne ma'auni ba, domin kowa na iya rubuta adadin da ya ga dama. A duba nawa aka sayar da irinta a zahiri. Kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC suna dubawa su rufe kwandala a cikin roba mai lamba, amma kuɗin aikinsu da na aikawa yakan fi darajar ƙananan kurakurai, don haka sai abin da ya tsallake duk matakan nan kuma aka san irinsa yana da kasuwa.

Kafin nan, a ajiye kowace kwandala ita kaɗai a ambulan ɗinta, a wuri busasshe, musamman da damina. A guji leda mai laushi irin ta jakar katin shaida, domin tana sa tagulla ta yi kore mai danƙo. A rubuta bayanin a bayan ambulan kafin a saka kwandalar, don kada bakin biro ya danna ta.